Muƙabalar Musulmi da Kirista a littattafan Larabci na dā: wa ya riƙe alƙalamin?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga maganar da nake so mu ɗan ja a kai. Wajen shekarar 782 Miladiyya, Halifa Mahdi, mahaifin Haruna Rashid, ya zaunar da Timotawus na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, a fadarsa ta Bagadaza, suka yi zama biyu suna fafatawa kan addini. Halifa bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce masa: ta yaya mai ilimi da hankali irinka zai ce Allah ya auri mace har ya haifi ɗa? Timotawus ya ce wa ya taɓa furta wannan saɓo? Daga nan aka shiga maganar haihuwar Almasihu, da gicciye, da ko an canza Linjila. Da Halifa ya tambaye shi me zai ce game da Annabi Muhammadu (SAW), sai ya ce ya bi tafarkin annabawa, tunda ya koyar da kaɗaita Allah, ya raba mutane da gumaka, ya hana mugun aiki. Amma bai yarda an ambace shi a Linjila ba. Har ya ce da ya gan shi a ciki, da ya bar Linjila ya kama Alƙur'ani.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne misalin lu'ulu'u. Ya ce mu mutanen duniya kamar jama'a ne a ɗaki mai duhu da tsakar dare. Lu'ulu'u ya faɗo a tsakiyarsu, kowa ya kai wawaso. Mutum ɗaya ya dace da shi, wani ya damƙi ɓallin kwalba, wani tsakuwa, wani hoge. Kowa ya dunƙule hannu yana murna shi ne mai rabo. Sai gari ya waye kowa ya buɗe hannunsa. Halifa ya ce muna fata mu ne masu riƙe da shi. Timotawus ya ce amin, Allah ya sa mu ma muna ciki. Aka tashi, ba wanda ya zagi wani. Tambayata: wannan tattaunawa ce ta gaskiya, ko ladabin fada ne kawai?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu je ga ladabi, wa ya ruwaito labarin? Isnadi tukuna.

Malam Habu:
Timotawus ne da kansa. Ya rubuta shi a wasiƙa zuwa ga abokinsa Sarjiyus, da harshen Suryani, daga baya aka mayar da shi Larabci.

Baban Walid:
To ka gani. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne magatakarda. Yaya za a yi Halifa ya ci nasara a takardar da abokin gardamarsa ya rubuta?

Maman Ilham:
Baban Walid ya taɓo inda ke ciwo, kuma matsalar ba ta Timotawus kaɗai ba ce. Akwai jerin littattafai na Kiristocin Larabawa da aka gina a kan tsari guda: ruhubani ya shigo majalisin sarki, sarki ya ba shi amana ya faɗi abin da ke ransa, malaman Musulmi su taso masa ɗaya bayan ɗaya, ya kayar da su duka, sarki ya yi dariya ya sallame shi da girma. Haka labarin Abu Ƙurra, bishop ɗin Harran, a gaban Halifa Ma'amun. Haka na Ibrahim mutumin Ɗabariyya a Ƙudus. Haka na ruhubani Jirji da malamai uku a yankin Halab a 1217. Ɗan dambe ne ke ba da labarin wasa a gidansu, ai ba za ka ji ya ce shi aka kashe ba. Amma na Timotawus ya ɗan fita daban, don Halifa a cikinsa ba sakarai ba ne. Tambayoyinsa masu kaifi ne, kuma bai sallama ba har aka tashi. Ga shi kuma an san su biyun suna da hulɗa ta ilimi: Mahdi ne ya sa Timotawus fassara wani littafin Aristo na dabarun jayayya zuwa Larabci.

Ɗan Zaure:
Hajiya, mu ma ai muna da namu irin labaran, kada a ɗora wa Nasara kaɗai. Alƙali Abubakar Baƙillani, Bamalike Ba'ash'are, wanda ya rasu a 1013, sarki Adudud Daula ya aike shi jakada wurin sarkin Rumawa. Littattafan tarihin malamai sun ce an sa ƙaramar ƙofa don dole ya sunkuya wa sarki in zai shiga, shi kuwa ya juya ya shiga da baya. Sannan aka kawo babban limaminsu, Alƙali ya gaishe shi ya ce yaya iyali, yaya yara? Sarki ya ce ashe ba ka san mun ɗaukaka irin waɗannan daga mata da 'ya'ya ba? Ya ce kun tsarkake shi daga mata da ɗa, ba ku tsarkake Ubangijin talikai ba? Duk inda aka karanta wannan a zaure sai ka ji kabbara. Amma daga namu muka ji shi.

Istifanus:
Salama gare ku duka. Na ji daɗi da Ɗan Zaure ya faɗi wannan da bakinsa. Abin da zan ƙara shi ne a tambayi don wa aka rubuta littattafan. Ni a ganina ba don Halifa ba ne, ba kuma don a mayar da malaman Bagadaza Kirista ba. Don 'yan coci ne. Ku duba halin da ake ciki: mutanen da kakanninsu ke addu'a da Suryani ko Girkanci ko Ƙibɗanci, yanzu 'ya'yansu Larabci suke ji. A kasuwa maƙwabci zai tare yaro ya ce ku masu alloli uku ne, yaron ya rasa ta cewa. Ga jiziya, ga muƙami yana jiran wanda ya musulunta. Dole shugabannin coci su ba mutanensu amsa da harshen da ake tambayarsu. A Ƙurɗuba ta Andalus ma, wajen 854, wani Kirista mai suna Albarus ya yi kukan cewa samarin Kirista sun ƙware a waƙoƙin Larabawa, amma da ƙyar a samu ɗaya cikin dubu da zai rubuta wasiƙa mai kyau da Latin.

Akwai wani tsohon littafi a gidan ruhubanawa na Dutsen Sina'i, na ƙarni na 8, yana cikin mafi daɗewar abin da Kirista suka rubuta da Larabci don kare imaninsu. In ka ji addu'ar buɗewarsa za ka rantse Musulmi ne ya rubuta, saboda salon da kalmomin duk na mai jin Alƙur'ani ne. Kuma yana jawo ayoyi yana kafa hujja da su a kan Kalmar Allah da Ruhunsa.

Ladi:
Yaya Istifanus, wato su ma sun karanta Alƙur'ani ke nan? Mu nan in aka ga Kirista da shi ko Musulmi da Littafi Mai Tsarki sai a fara kallonsa.

Istifanus:
Sosai ma, ƙanwata. Abu Ƙurra, da Abu Ra'iɗa na Tikrit, da Ammar na Basra, kowannensu daga cocinsa daban, kuma ukun sun san ilmul kalam na Musulmi, wato kare aƙida da hujjar hankali, ciki da bai. Har Abul Huzail, babban malamin Mu'utazila, sai da ya rubuta wa Ammar raddi.

Baban Walid:
Ni fa a nan nake da magana. Wannan ilmul kalam ɗin shi ne ƙofar ɓarna. Ka ajiye Alƙur'ani da Hadisi a gefe ka ce za ka yi gardama da mandiƙin Girkawa, to ka riga ka ba da gida. Allah ya ce kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, a Suratul Ankabut aya ta 46. Bai ce a ajiye wahayi ba.

Ɗan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, yau dai mun haɗu a layi ɗaya, abin mamaki. Bari in ba ka labarin da zai yi maka daɗi, kuma ya shafi mutumin da duk wanda ya yi karatun zaure ya san shi: Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 996. Malamin tarihi Humaidi ya kawo cewa wani faƙihi ɗan Andalus, Abu Umar Ibn Sa'adi, ya je Bagadaza ya dawo, sai mai Risala ya tambaye shi ko ya halarci majalisin masu kalam. Ya ce sau biyu, kuma bai ƙara komawa ba. Ya ce ya tarar da ɗaki cike: Ahlus Sunna, 'yan bidi'a, Majusawa, Yahudu, Nasara, har da Dahriyya waɗanda ba su yarda da Mahalicci ba. Kowace ƙungiya da shugabanta. Duk shugaban da ya shigo, ko na wane addini ne, sai jama'a su miƙe tsaye, ba mai zama sai ya zauna. Da wuri ya cika sai wani daga cikin waɗanda ba Musulmi ba ya ce: mun taru don munazara, kada Musulmi su kawo mana hujja daga Littafinsu ko maganar Annabinsu, don ba mu gaskata su ba, hujjar hankali kawai za a yi. Kowa ya ce an yarda. Aka ce masa akwai wani majalisin, ya je, ya tarar duk kanwar ja ce. Mai Risala ya yi ta mamaki, yana cewa malamai sun tafi, alfarmar Musulunci ta tafi.

Baban Walid:
Allah ya jiƙan Ibn Abi Zaid. Magana ta ƙare.

Maman Ilham:
Ba ta ƙare ba, Malam. Wannan ruwaya tana da daraja ne daidai saboda wanda ya ba da ita ƙyamar abin yake yi. Ɗazu ka nemi shaidar da ba mai ƙara ba, to ga ta: mutum ya fito daga majalisin ransa a ɓace, kuma ya tabbatar ana zaman, ana miƙe wa Bayahude da Bamajuse, ana da ƙa'ida. Sannan ka faɗa min, in mutum bai yarda da Alƙur'ani ba, ka karanta masa aya a matsayin hujja, me ka yi? Shi ma ya karanta maka Bisharar Yohanna, kowa ya tafi gida. Ai shi ya sa Abu Ƙurra ya ƙirƙiro misalin mutumin da ya tashi a kan dutse bai san addini ba, ya sauko gari ya tarar da ƙungiya-ƙungiya kowa na cewa tasa ce gaskiya. Da me zai auna? Tambayar tana nan, ko da amsar da Abu Ƙurra ya bayar ba ta gamsar da ni ba, don ya auna ya auna ya faɗo daidai kan cocinsa.

Admin:
Na goge saƙo ɗaya. Wanda ya turo ya san kansa. A nan ba a zagin annabin kowa ko littafin kowa. A ci gaba.

Ladi:
Na gode Admin. Tambayata ga Malam Habu: Kirista a lokacin yana iya faɗin ransa ba tsoro? Don ni labarin ya yi min daɗi da yawa har ina zarginsa.

Malam Habu:
Zarginki na kan hanya, Ladi. Ba zaman daidai-wa-daida ba ne. Ɗaya ke da takobi da baitulmali, ɗaya ɗan amana ne mai biyan jiziya. Shi ya sa a labaran nan ruhubani ba ya buɗe baki sai sarki ya ba shi tabbacin ba abin da zai same shi. Kuma iskar takan juya. A 850 Halifa Mutawakkil ya sa doka: Kirista da Yahudu su sa mayafi mai launin zuma da ɗamara ta musamman, likkafarsu ta zama ta katako, a rushe sababbin coci, a cire su daga aikin hukuma. A 1009 Hakim na Faɗimiyawan Masar ya sa aka rushe babban cocin Ƙudus.

Amma karanta raddin da Jahiz, marubucin Musulmi, ya yi wa Nasara a wancan ƙarni na Mutawakkil, za ka ga ɗaya fuskar. Haushi yake ji, yana lissafi: su ne magatakardan sarakuna, su ne likitocin manya, su ne masu turare, su ne 'yan canji. Suna hawan dawakai na gani na faɗa, da yawa sun daina ɗaura ɗamarar ko sun ɓoye ta a ƙarƙashin riga, masu kuɗinsu suna ƙin biyan jiziya. Suna raɗa wa 'ya'yansu Hasan da Husaini da Abbas da Fadlu da Ali. Abin da ya fi ƙona masa rai, wai suna bin hadisai masu raunin isnadi da ayoyi masu wuyar fahimta, su keɓe Musulmi mai ƙaramin sani su rikita shi. Mutanen da ake yi wa irin wannan ƙorafi ba a ɓoye suke ba.

Istifanus:
Duk da haka Malam, mai zafin gaske bai sa sunansa ba. Wasiƙar da ake jingina wa Abdul Masih al-Kindi, amsa ga wani Abdullahi al-Hashimi da ya kira shi zuwa Musulunci a zamanin Ma'amun, ita ce mafi kaushi a kan Annabi da tarihin tattara Alƙur'ani. Masana da yawa na ganin sunayen biyu na aro ne, kuma Kirista ɗaya ne ya rubuta kiran da amsar. Biruni ya ambace ta wajen shekara ta 1000. A 1142 aka fassara ta zuwa Latin a ƙasar Sifen bisa umarnin shugaban gidan ruhubanawa na Kuluni da ke Faransa, tare da aikin fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin. Wato Turawa ba su gaji Timotawus mai lu'ulu'u ba, mai kaushin suka gada. Ni wannan yana damuna a matsayina na Kirista.

Baban Walid:
Na yaba maka da wannan, Istifanus. Ba kowa zai faɗa ba.

Maman Ilham:
Ni ga abin da ya sa nake girmama mutanen nan duk da son kai na marubuci. Abu Isa al-Warraƙ, a ƙarni na 9, ya rubuta raddi a kan ƙungiyoyin Kirista uku, Malkiyya da Yaƙubiyya da Nasɗuriyya. Kafin ya soki komai sai da ya zayyana abin da kowacce ta yarda da shi, da inda suka saɓa, dalla-dalla. Littafin nasa ya ɓace a hannun Musulmi. Ta ina muka same shi? Ta hannun Yahaya ɗan Adi, Kirista, almajirin Farabi, wanda ya rasu a 974. Da zai mayar da martani sai ya riƙa kwafo maganar Warraƙ sakin layi bayan sakin layi, sannan ya amsa. Haka ya yi da ɗan gajeren raddin da Kindi masanin falsafa ya yi wa aƙidar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, shi ma ta wurinsa ya tsira. Wannan Yahaya sana'arsa kwafar littattafai, kuma Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya ruwaito daga bakinsa cewa ya kwafe Tafsirin Ɗabari sau biyu da hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin jerin mujalladan Ɗabari a kanta ya san abin da ake nufi. Kirista ne fa. Ku gwada da muƙabalar da ake yi yanzu, a yanko daƙiƙa ɗaya daga maganar mutum a watsa a WhatsApp a ce an ƙure shi.

Ɗan Zaure:
Hajiya kin taɓo mu. Amma akwai wanda ya canza ra'ayi a duk wannan dogon zance?

Malam Habu:
Akwai wanda ya sauya addini ya kuma rubuta dalilinsa. Ali ɗan Rabban al-Ɗabari, likita, mai littafin magani Firdausul Hikma, Kirista ne ya musulunta da tsufansa, ya rubuta Kitabud Din wad Daula a zamanin Mutawakkil. Da yake ya tashi da Littafi Mai Tsarki, sai ya bi Ishaya da Zabura da sauransu yana fito da wuraren da yake ganin bushara ce da Annabi (SAW). Kirista suka yi ta mayar masa da martani har bayan ƙarnoni.

Amma mafi yawa kowa ya tashi da abinsa. Misalin da na fi so shi ne na Iliya, babban bishop na Nasibin, garin da ke kan iyakar Turkiyya da Siriya a yau, da waziri Abul Ƙasim al-Magribi. Zama bakwai suka yi a 1026. Wazirin ne ya buɗe da labarin cewa ya taɓa yin rashin lafiya a hanya, ya sauka a gidan ruhubanawa, wani ruhubani ya ba shi rumman ya ci ya samu sauƙi, abin ya sa shi sake tunani ko mutanen nan mushirikai ne kamar yadda ya ɗauka. Suka bi tauhidi, suka bi zama mutum na Almasihu, har suka ɓata zama guda a kan nahawun Larabci da na Suryani wanne ya fi. Bayan nan suka ci gaba da musayar wasiƙu. Waziri ya rasu a 1027 yana Musulminsa.

Baban Walid:
Shi ma dai Iliya ne ya rubuta. Ni in ana maganar raddi na ilimi, a ba ni Al-Jawabus Sahih na Shaihul Islam Ibn Taimiyya.

Maman Ilham:
Madalla, to ka san amsar wace takarda ce? Bulus na Antakiya, bishop ɗin Saida, wajen 1200, ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa ga wani abokinsa Musulmi. Ya ce ya zaga ƙasashen Rumawa da Turawa, ya tambayi masanansu me ya hana su musulunta, suka ce Alƙur'ani da kansa ya ce an saukar da shi da Larabci don a gargaɗi Makka da kewayenta, kuma ya yabi Almasihu da Maryamu da ruhubanawa, don haka ba su aka aiko wa ba. Har ya ce littafin da babu shakka a cikinsa na farkon Baƙara, Linjila ake nufi. Ƙarafi, Bamaliken Masar da ya rasu a 1285, ya amsa da Al-Ajwibatul Fakhira. Daga baya wani Kirista a tsibirin Ƙubrus ya gyara wasiƙar, ya rage mata kaifi, ya ƙara ayoyi, ya aika wa Ibn Taimiyya a 1316, ya aika wa Ibn Abi Ɗalib na Dimashƙa a 1321. Su biyun suka amsa. 'Yan shafuka suka haifi mujalladai. Kuma Shaihul Islam ɗin naka ma gaɓa-gaɓa yake kawo maganarsu kafin ya rusa.

Baban Walid:
Ya kuwa rusa ta. A'araf 158, ya ku mutane ni Manzon Allah ne zuwa gare ku gaba ɗaya. Saba'i 28. Ga wasiƙun da Annabi (SAW) ya aika wa Hiraƙla da Muƙauƙis, su Larabawa ne? Hujjarsa a fili take: in ka yarda mai gaskiya ne, to ya ce an aiko shi ga kowa. In ba ka yarda ba, me ya kai ka kafa hujja da littafinsa?

Istifanus:
A wannan gaɓar ina tare da Ibn Taimiyya, ko da za ku yi mamaki. Dabarar Bulus ba ta yi min ba. Ka tsinci ayar da ta yi maka ka tsallake wadda ba ta yi maka ba, wayo ne. Sai dai ku riƙe ma'aunin da kyau, don Ali al-Ɗabari ma abin da ya yi da Ishaya ke nan, kuma har gobe ana yi mana shi da Yohanna sura 14.

Ɗan Zaure:
To jama'a kun ga inda kuka kai mu? Ba a kafa hujja da littafina don ba ka yarda da shi ba. Ba a kafa hujja da littafinka don tsince-tsince ne. Saura hankali kaɗai, wato majalisin da Ibn Sa'adi ya gudu daga cikinsa. Baban Walid, kai da ka ce magana ta ƙare, ina za ka zauna?

Baban Walid:
Ba inda zan gudu, Malam. Ibn Taimiyya da ukun ya yi aiki: Alƙur'ani, da nassin littattafansu, da hankali. Abin da na ƙi shi ne a sa min sharaɗi tun daga bakin ƙofa cewa in ajiye na farkon. Istifanus, kawo ayoyin Yohanna ɗin cikakku, daga farkon surar, kada ka yanko. Ni ma zan kawo abin da Shaihul Islam ya ce a kansu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya bayan Isha'i.